Maganin Sauro Mai Jiran Fitowar Rana

 Karatunmu na yau a kan sauro ne, da wata dabara ta kashe shi da hasken rana. Ka bi shi sannu-sannu. In ka gamu da kalmar da ba ka sani ba, ka tambayi malamin aji.

Damina da masassara

Kowa a ƙasar Madarunfa ya san yadda damina take. Ruwa ya sauka, gero ya yi kore shar, Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi sun kawo ruwa, tabki ya cika ya batse. Manomi shina murna, masunci shina murna. Amma uwar yara hankalinta ba kwance yake ba. Ta san daga watan Agusta zuwa Oktoba gidan likita cika yake da yara masu zafin jiki. Wani na amai, wani na rawar ɗari, wani jininsa ya ƙare sai an ƙara mishi.

Wagga cuta ita ce masassarar cizon sauro. Ba mu kaɗai take damu ba. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2023 cutar ta kashe mutum kusan 597,000 a duniya, kuma kusan dukansu a Afirka. Cikin kowane mutum 100 da suka mutu, wajen 6 ƴan Nijar ne. Ƙasashe biyu kaɗai suka fi mu asarar rayuka a wannan shekara: Najeriya da Kwango. Mafi yawan waɗanda suka rasu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Makaman da muke da su

Ba zaune aka yi ba. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba sange mai magani a faɗin Nijar, kuma an ci gaba da rabawa bayan nan. A 2013 aka fara ba ƙananan yara maganin rigakafi na damina, wanda ake kira CPS, sau ɗaya kowane wata. Madarunfa tana cikin gundumomin farko da aka fara shi. A 2024 kuma Nijar ta fara allurar rigakafin masassara ga jarirai. Waɗanga abubuwa sun ceci rayuka masu yawa.

To, amma akwai wata damuwa. Sauro ya fara sabawa da maganin da ke jikin sange. Masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai sun lura da haka ƴan shekaru kaɗan bayan babban rabon sange na farko. Ga yadda abin yake faruwa. In aka yi ta aiki da guba iri ɗaya, sauro marar ƙarfi ya mutu, mai jurewa ya rage. Shi ne zai hayayyafa, jikokinsa su gaji jurewarsa. Manomin da ya daɗe shina fesa ma wake magani iri ɗaya ya san wanga zance. Bara ya yi aiki, bana ƙwari sun ƙi mutuwa.

Shi ya sa masana suke neman wasu hanyoyi da za su ƙara a kan na da. Ɗaya daga ciki ita ce a kashe sauro tun shina cikin ruwa, kafin ya yi fiffike. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauro ɗan ruwa ne

Sauron da ke kawo masassara sunansa anofel. Macen ce kaɗai take cizo, kuma galibi da dare. Tana buƙatar jini don ƙwanta ya nuna. In ta sha, sai ta nemi ruwa kwance ta zuba ƙwai, daga 50 har zuwa 200 a zubi ɗaya. Cikin kwana 2 ko 3 ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar tana ci tana girma wajen mako guda. Daga nan ta naɗe kamar waƙafi, ta yi kwana 1 ko 2 ba ta cin komi, sai sauro ya fito ya tashi. Lokacin zafi, kwana 10 ya isa duk wanga aiki.

Kai ma kana iya ganin tsutsar da idonka. Je bakin kududdufi ka duƙa, ka yi shiru. Tsutsar anofel kwance take a saman ruwa, miƙe kamar tsinke. Ta sauron masai da kwata kuwa rataye take, kanta ƙasa.

Ka riƙe abu uku game da tsutsar anofel, don za mu dawo gare su. Na ɗaya, tana son ruwa marar zurfi wanda rana take duka: sawun kofaton shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, sawun tayar amalanke, gefen fadama. Na biyu, a saman ruwa take cin abinci, kuma duk ɗan garin da ya zo bakinta haɗiyewa take. Na uku, jikinta garai-garai yake, haske shina ratsa shi har cikin hanjinta.

Abin da rana take tadawa

Akwai abubuwa a duniya waɗanda ba su da lahani cikin duhu, amma da rana ta taɓa su sai su zama masu ƙuna. Ga misali biyu.

Na farko, lemun tsami. In ruwansa ya zuba ma mutum a bayan hannu bai wanke ba, ya kuma daɗe cikin rana, wani lokaci wurin yakan yi ja, ya yi bororo, daga baya ya bar baƙin tabo. In cikin ɗaki ya zauna, babu abin da zai same shi. Lemun shi kaɗai bai ƙona shi ba, rana ita kaɗai ba ta ƙona shi ba. Haɗuwarsu ce ta yi aikin.

Na biyu, tsidau, wannan haki mai ƙaya da ke sukar ƙafa. A Afirka ta Kudu makiyaya sun daɗe da sanin wata cutar tumaki da yake jawowa. In tunkiya ta ci tsidau ƙarami wanda zafi ya sa ya yi yaushi, hantarta takan toshe. Sai wani abu da ke fitowa daga koren ciyawar da ta ci ya taru cikin jininta. In ta shiga rana, fuska da kunnuwa su kumbura, fata ta tsattsage. Wurin da fata take fara ko ba gashi da yawa, nan ne abin ya fi tsanani. In aka kai ta inuwa sai ta samu sauƙi. Likitocin dabbobi na can sun gano sirrin abin a shekarun 1930.

To, masana suka ce: abin da ke ƙona kunnen tunkiya, mi zai hana shi ƙona hanjin tsutsar sauro?

Yadda aka gano dabarar

Labarin ya daɗe. Wajen shekarar 1900, a birnin Munik na ƙasar Jamus, akwai wani ɗalibin likita mai suna Oscar Raab. Shina gwada wani rini a kan wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sai da madubin likita. Sai ya lura da abin mamaki. Rini iri ɗaya, awo ɗaya, amma cikin haske halittun suna mutuwa da sauri, cikin duhu kuwa suna daɗewa. Shi da malaminsa, Hermann von Tappeiner, suka bi diddigi. Daga baya aka gane cewa sai da iska ma abin yake aiki.

A 1928 wani masani mai suna Barbieri ya gwada irin waɗanga rini a kan tsutsar sauro, ya ga suna kashe ta cikin rana. Amma dabarar ba ta yi nisa ba a lokacin. A shekarun 1940 aka fito da gubar DDT, mai arha da saurin kisa, sai duniya ta koma kanta. Sai da ƙwari suka saba da DDT, aka kuma ga ɓarnar da yake yi ma tsuntsaye da kifi, sannan aka tuna da tsohuwar dabara.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka wanga magani yake, sai abu uku sun haɗu.

Dutse na farko shi ne maganin kansa. Galibi abu ne mai launi: ja, ko kore, ko shuɗi, ko rawaya. Launin ne yake kama haske.

Dutse na biyu shi ne haske. Hasken rana ya wadatar, ba a buƙatar lantarki ko inji.

Dutse na uku shi ne iskar da muke shaƙa, wadda masana suke kira oksijan. Akwai ta cikin ruwa, akwai ta cikin jikin kowane mai rai.

Ga yadda suke aiki tare. Ana haɗa maganin da ɗan garin abinci, a barbaɗa a saman ruwa, an fi son da marece. Tsutsa ta kwana tana ci, maganin ya cika mata hanji, ba ta ji komi ba. Gari ya waye, rana ta fito, haske ya ratsa jikinta. Maganin ya kama ƙarfin hasken ya miƙa ma oksijan. Nan take oksijan ya rikiɗe ya zama mai ƙuna, ya huda bangon hanjin tsutsa. Cikin ƴan awoyi sai ta mutu.

Wanga oksijan mai ƙuna ba ya daɗewa. Kafin ƙiftawar ido ya koma yadda yake. Don haka ba ya tafiya nesa, inda aka haife shi nan kaɗai yake ɓarna. In ka cire dutse ɗaya, tukunya ta faɗi: babu rana, babu kisa.

Daga ina ake samun maganin?

Iri-iri ne. Bari mu ambaci uku.

Akwai wanda ake fiddawa daga koren ganye. Abin da ya sa ganyen zogale da na rama da na kuka suke kore sunansa kulorofil. Aikinsa a jikin tsiro shi ne kama hasken rana. Masana suna fidda shi, su gyara shi yadda zai narke cikin ruwa. A Masar, wani shehun malami mai suna Mahmoud Abdel-Kader da abokan aikinsa sun daɗe a kan wanga bincike. An gwada irin nasu a fadamun Sudan da Uganda da Habasha. A Uganda ma'aikatar lafiya ta yi aiki da shi a wasu gundumomi.

Akwai wanda ake kira forfirin. Ɗan'uwan abin da ke sa jini ja ne. Masanan Italiya, tare da na birnin Bobo Julaso a Burkina Faso, sun gwada shi a kan tsutsar anofel irin tamu ta Afirka ta Yamma. Sun bayyana sakamakon a 2012. Ka san da mi suka haɗa shi don tsutsa ta ci? Da garin abincin kyanwa! Tsutsa ta ci, rana ta fito, ta mutu.

Akwai kuma wanda ke cikin gangamau, saiwar nan mai rawaya da ake rini da ita, ake kuma sa ma abinci. A ƙasar Barazil, masana na jami'ar birnin Sawo Karlos sun nuna cewa abin da ke ba gangamau launi shina kashe tsutsar wani sauro mai zane fari da baƙi, wanda ke kawo cutar denge da shawara. In ya gama aiki, rana tana narkar da shi cikin ƴan kwanaki.

Ba sauro kaɗai ba

An gwada wagga dabara a kan wasu ƙwari. A Amurka, a shekarun 1970 da 1980, wani masani mai suna James Heitz ya yi aiki da wani jan rini a kan ƙudan da ke hayayyafa cikin kashin kaji. A shekarun 1990 kuma aka haɗa wani jan rini, irin wanda ake sa ma jan baki, da abinci mai daɗi ga ƙudan da ke ɓata ƴaƴan itace. Ƙuda ya lasa, ya tashi cikin rana, ya faɗi. Mai lambun mangwaro da gwaba ya san ɓarnar wanga ƙuda: ka ga mangwaro lafiya lau a waje, ka yanka ka tarar da tsutsa.

An kuma gwada na koren ganye a kan katantanwar ruwa. Wasu irinta ne suke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini bayan sun yi wanka a tabki ko gulbi.

Mi ya sa masana suke son shi?

Dalili na farko, rana. Ƙasashen da suka fi fama da masassara suna da rana mai yawa. Abin da ya fi tsada a wasu ƙasashe, mu kyauta Allah ya ba mu.

Na biyu, halin tsutsar anofel. Ka tuna abu ukun da muka ce ka riƙe: tana son wuri mai rana, tana cin abin da ke saman ruwa, haske shina ratsa jikinta. Duk ukun sun sa ta faɗa tarko.

Na uku, sabawa. Yawancin gubar ƙwari wuri ɗaya take bugu a jikin ƙwaro, kamar makulli da ƙofa ɗaya. In ƙwaro ya sake kwaɗo, shi ke nan. Wanga kuwa kamar gobara yake, ta ko'ina yake kamawa, don haka sabawa da shi ta fi wuya. Amma kada mu ce ba ta yiwuwa. A Amurka, da aka yi ta ba ƙuda jan rinin nan a ɗakin gwaji, zuriya bayan zuriya, sun fara jure mishi.

Na huɗu, ba ya daɗewa. Hasken da ke tada shi, shi ne kuma yake cinye shi, kamar yadda rana take koɗar da launin atamfa a kan igiya. Ba ya zama shekara da shekaru cikin ƙasa da jikin kifi kamar DDT.

Inda yake da rauni

Kowane gwani da inda ya kasa. In ruwa ya yi laka sosai, haske ba ya shiga da kyau. In ciyawa ko bado sun rufe ruwa, tsutsa ta samu inuwa. In hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, kamar yadda yakan yi a watan Agusta, aikin ya ragu. Sauron masai da rijiyar da aka bari, mai zama cikin duhu, ya tsira. Tsutsar da ta riga ta naɗe ta daina ci, ita ma ta tsira. Sauron da ya riga ya tashi kuwa, babu ruwan maganin da shi.

Tun da kuma ba ya daɗewa, sai an riƙa sake barbaɗawa a kai a kai duk damina. Wannan aiki ne mai son mutane da kuɗi da tsari.

Sannan akwai babbar magana. Da damina, wuraren da ruwa ke kwanciya ba su ƙirguwa. Yau ga su, jibi sun bushe, gata wasu sun fito. Shi ya sa OMS ta ce kashe tsutsa cikin ruwa, da kowane irin magani, ƙari ne a kan sange, ba madadinsa ba. Ta ce ya fi amfani inda wuraren ruwan ba su da yawa, ba su gusawa, kuma ana iya gano su.

Saboda waɗanga dalilai, yawancin magungunan haske suna hannun masu bincike da masu gwaji. Ba su cikin abin da ake raba ma iyalai kamar sange da CPS.

Tabki amana ne

Yanzu mu dawo gida. Tabkin Madarunfa rumbun jama'a ne. Daga cikinsa ake kama karfasa da tarwaɗa. Nan dabbobi suke sha, nan tsuntsaye masu zuwa daga nesa suke sauka. Kewaye da shi ga kaburburan waliyyai 99 da mutane suke ziyarta. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Tsakiyar tabki, inda ruwa ke da zurfi, iska na kaɗawa, kifi na yawo, ba nan ne gidan tsutsar sauro ba. Kifi ma cin ta yake yi. Gidanta shi ne gefe-gefe: cikin ciyawa, cikin sawun shanu, da ƴan ramukan da ruwa ya bari in ya fara ja da baya.

Don haka ga gargaɗi, ka saurara da kyau. Kada ka zuba maganin feshin gona ko baƙin mai cikin tabki ko kududdufi da sunan kashe sauro. Za ka kashe kifi da kwaɗi da ƙwarin ruwa masu cin tsutsa, ka sa dabbobi da yara cikin haɗari. Ko maganin haske ma sai an bi awo, don ƙananan ƴaƴan kifi da wasu halittun ruwa su ma haske shina ratsa jikinsu. Shi ya sa ake daɗewa ana gwaji kafin hukuma ta yarda da magani.

Kada kuma ka ce tunda daga ganye ne, bari in daka zogale ko gangamau in watsa. Wanda masana suke aiki da shi tacewa aka yi, aka auna. Ganyen da ka daka ruɓewa zai yi cikin ruwa, wataƙila ma ya zama abincin tsutsa. In wani ya zo kasuwa da gari cikin leda ya ce maganin rana ne, kada ka ba da kuɗinka. Ka tambayi ma'aikatan gidan likita ko malamin gona tukuna.

Aikin da ke hannunmu

Wataƙila ka ce: to, in maganin bai zo ba, mine ne amfanin wanga karatu? Amfaninsa babba ne. Masanin da ke Italiya ko Masar ya san sirrin haske, amma bai san ramin da ke bayan gidanka ba. Bai san wane kududdufi ne a Safo yake kai wa kaka bai ƙafe ba. Bai san inda ruwa yake kwanciya a Ɗan Isa ko Gabi ko Sarkin Yamma ba. Kai ka sani. Kuma sauro galibi ba ya nisa da inda aka haife shi, bai cika wuce kilomita 1 ko 2 ba. Wanda ya ciji ɗanka daren jiya, mai yiwuwa a unguwarku ya ƙyanƙyashe.

Ga abin da ajinku zai iya yi tun bana.

Ku ɗauki takarda ku zana taswirar garinku. Ku sa masallaci, rijiya, lakwal da kasuwa. Bayan ruwan sama, ku zagaya ku sa alama duk inda ruwa ya kwanta. Bayan mako guda ku sake zagayawa, ku rubuta wanda ya ƙafe da wanda bai ƙafe ba. Wanda ya wuce mako guda da ruwa, shi ne abin tsoro.

Ku ɗebi ruwan da farin kwano ko ludayi, ku duba ko akwai tsutsa mai kwanciya a sama. Ku rubuta ranar da sunan wurin.

Ramin da za a iya cikewa, ku yi gayya ku cike shi. Wanda za a iya yanke ma hanya ruwan ya wuce, ku yanke. Masu noman rani, kamar mutanen Jiratawa, ku lura da bakin famfo da hanyoyin ban ruwa, kada ruwa ya kwana da kwanaki a wuri ɗaya. A gida, a rufe randa da tulu da duro, a kifar da tsohuwar taya da gwangwani da kasko.

Manyan ramukan da suka fi ƙarfinku, ku kai takardarsu ga mai gari da gidan likita da magajin gari. Duk ranar da aka zo da maganin tsutsa, na haske ne ko wani iri, tambayar farko da za a yi ita ce: ina ruwan yake? Garin da ya rubuta amsa ya riga saura.

Kafin nan, kada a saki na hannu. Kowa ya kwana cikin sange kowane dare, musamman yara da mata masu ciki. Uwa, ki tabbata ɗanki ya sha maganin CPS duk wata, har na rana ta biyu da ta uku da ake bar miki a gida. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a wannan rana, a yi mishi gwajin jini. Kada a jira gobe.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana yaranmu.

Tambayoyi

1. Kwana nawa sauro yake yi daga ƙwai zuwa tashi lokacin zafi?
2. Yaya za ka bambanta tsutsar anofel da ta sauron masai?
3. Waɗanne abubuwa uku ne sai sun haɗu maganin haske yake aiki?
4. Mi ya sa aka fi son barbaɗa shi da marece?
5. Mi ya sa bai kamata a zuba maganin feshin gona cikin tabki ba?
6. Rubuta sunayen wurare uku a garinku inda ruwa yake wuce mako guda a kwance. Ku tattauna a aji: wane ne za ku iya cikewa da gayya?